KOWA NA TAMBAYAR MAI JIKI, WA KE TAMBAYAR MAI JINYA?

Wannan shi ne jawabin da akawun reshenmu ya yi wa jama'a a Gwandu, inda 'yan kasuwa da manoma da masu sana'a suka hallara, har da waɗanda suka taso daga Kalgo. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na san ko wannenku ya bar rumfa ko gona ko wata sana'a ya zo ya zauna a nan, watau ya yi hasarar cinikin yau, sabo da haka ba zan ɓata muku lokaci da kewaye-kewaye ba.

Maganata a yau a kan wani ma'aikaci ce. Wannan ma'aikaci sunansa ba ya cikin littafin albashi na ko wace gwamnati. Ba shi da ƙungiya, ba shi da ranar hutu, ba shi da fansho. Ba a ɗauke shi aiki da takarda ba, ba kuwa ya iya ajiye aikin ya tafi. Yana aiki da rana, yana aiki da dare. Amma in da zai janye hannunsa kwana uku kaɗai, da asibitocin ƙasan nan sun tsaya cik. Wannan ma'aikaci shi ne mai jinya.

Kun san shi, gama da yawanku ku ne. Ita ce matar da mijinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, shekara uku ke nan ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi. Ita ce uwar yaro mai amosanin jini, wanda yanzu a ke kira sikila, da ba ta san barcin kirki ba duk lokacin da sanyi ya shigo. Ita ce yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kakarta wadda gigin tsufa ya kama. Shi ne saurayin da ya rufe shagonsa ya bi ubansa asibiti, yana kwana a kan tabarma a baranda. Ita ce tsohuwar da 'yarta ta sami yoyon fitsari wajen haihuwa, miji ya sako ta, ta komo ɗakin uwa. In muka shiga gidajen nan dubiya, me mu ke cewa? Mu kan ce, “Ya mai jiki?” A ce, “Da sauƙi.” Mu ce, “Allah ya ƙara sauƙi.” Mu tashi. Wannan da ta amsa mana “da sauƙi”, idanunta sun faɗa, wuyanta ya rame, wa ya tambaye ta nata jikin?

MU YI LISSAFI

Ni akawu ne, aikina lissafi, sabo da haka ku bari in yi muku lissafin abin da jinya ta ke ci.

Tun watan Yuli na 2024 doka ta yanke mafi ƙanƙantar albashin ma'aikaci a Nijeriya naira 70,000 a wata. Ma'aikaci kuwa awa takwas a ke nema ya yi a rana. To, wanda ya kwanta bai iya tashi, awa takwas ya ke bukatar mutum kusa da shi? A'a, awa ashirin da huɗu ne. Watau aikin mutum uku ke nan. In da haya za a yi, ko a kan mafi ƙanƙantar albashin nan, naira 210,000 ke nan ko wane wata. A shekara ya haura naira miliyan biyu da rabi. Wannan shi ne aikin da mace ɗaya ta ke yi a cikin ɗaki, a kyauta, wani lokaci ko sannu ba ta samu.

Wannan kuwa gefe ɗaya ne na littafin. Ga ɗaya gefen. A ce mace tana sayar da fura ko ƙosai ko ɗanwake, tana samun ribar naira 2,000 a rana. Jinya ta zaunar da ita wata guda, naira 60,000 sun tafi. Ta komo, ta tarar masu sayenta sun saba da wata. Jarin kuwa an riga an cinye shi wajen magani. Manomin albasa da ya bar fadama mako biyu lokacin ban ruwa, ku kun fi ni sanin abin da zai tarar. Mai shinkafa da jinya ta riƙe shi lokacin girbi, tsuntsu ya yi masa girbin. Sa'an nan a zo ga sayar da akuya, a zo ga sayar da sa, a zo ga jinginar da gona. Gidaje nawa muka sani a Dalijan da Kambaza da Malisa, ko a Diggi da Zuguru, waɗanda da suna da rufin asiri, ciwon mutum ɗaya ya tone su?

Ba a Gwandu kaɗai abin ya ke haka ba. A ƙasan nan, cikin ko wace naira ɗari da a ke kashewa wajen neman lafiya, fiye da naira saba'in daga aljihun mutane su ke fita kai tsaye. Wa ke nemo su? Mai jinya. Shi ke zuwa kanti sayen magani da allura da safar hannu. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kawo abinci, shi ke wanke maras lafiya, shi ke fitar da fo. In an ce a nemo jini, shi ke miƙa hannu, ko ya bi dangi gida gida yana roƙo. Ban faɗi wannan don in zargi malaman asibiti ba. Su ma 'ya'yan talakawa ne, mutum ɗaya a kan bar wa ɗaki guda cike da marasa lafiya. Abin da na ke nufi shi ne, an gina sha'anin lafiya a ƙasan nan a bisa gadon bayan mai jinya, amma ba a taɓa sa shi cikin lissafi ba.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi irin wannan lissafi a 2018. Ta ce aikin kula da gida da yara da tsofaffi da marasa lafiya wanda a ke yi ba biya, ya kai awa biliyan 16 da ɗoriya ko wace rana a duniya, kamar a ce mutum biliyan biyu suna aikin awa takwas ba albashi. Ta kuma ce kashi uku cikin huɗu na wannan aiki mata ke yinsa. Iyayena mata, ashe ba ku kaɗai ba ne. Sai dai sanin haka ba ya rage muku nauyi.

IN ANNOBA TA WUCE

Ba mu manta ba, a watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwa cewa sanƙarau ya kashe mutum 26, kuma Gwandu da Jega da Aliero ne abin ya fi shafa. Dattawan cikinmu sun tuna na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasan nan, ya kashe fiye da 11,000. In annoba ta zo, jaridu su kan ƙirga waɗanda suka mutu. Manya su zo da motoci, a yi jaje, a yi rigakafi, su koma. Amma akwai wani lissafi da ba a yi. Masana sun ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin sanƙarau mai tsanani, kamar ɗaya ya kan tashi da wata lahani da ba ta barinsa: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin gaɓa, ko raunin ƙwaƙwalwa. Wannan yaro wa zai riƙe shi shekara goma, shekara ashirin? Annoba ta wata uku ce, jinya kuwa ta har abada ce. Motocin manya ba su komowa sabo da ita.

JIKI MAGAYI

Yanzu bari mu duba abin da jinya ta ke yi wa mai yinta. Da fari rashin barci. Sa'an nan ciwon baya sabo da ɗaga babban mutum. Sa'an nan rashin cin abinci, gama ta kan ba maras lafiya mai kyau, ita ta ci ƙanzo. Sa'an nan hawan jini, wanda ba ya sallama. Sa'an nan kaɗaici: ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ƙawaye sun daina leƙowa. Daga nan sai zuciya ta ƙuntata. Ta yi wa maras lafiya tsawa, ta koma bayan ɗaki ta yi kuka, tana ganin ta zama muguwa.

Ina so ku ji wannan da kyau. Ba muguwa ba ce. Gajiya ce. Jaki ma in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa ya kan durƙusa, ba kuwa don ya ƙi ubangijinsa ba. Mu kan ce mata, “Yi haƙuri, akwai lada.” Gaskiya ne akwai lada, ba mai musun wannan. Amma in ladan nan muna sonsa da gaske, don me mu ke bar wa mutum ɗaya shi? Ko kuwa mun mai da kalmar haƙuri wata dabara ce ta zame jiki? Haƙurin da a ke ba mutum da baki, a kama hanya a bar shi da kaya, wannan ba zumunci ba ne.

Ku tuna kuma, ran da mai jinya ta faɗi, mutum biyu ne suka faɗi. Wanda ya taimaki mai jinya, maras lafiyan ya taimaka.

ABIN DA DOKA TA CE

Waɗansu za su ce, ai jinya sha'anin gida ce, ina ruwan gwamnati? To, ga ruwan gwamnati.

Tsarin mulkin 1999, a babi na biyu, ya ɗora wa gwamnati nauyin tsaron jama'a da jin daɗinsu, ya kuma ambaci kula da tsofaffi da taimakon marasa lafiya da naƙasassu a cikin abubuwan da za ta sa gaba. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba.

A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ta kafa wani asusu na kula da lafiya tun daga tushe, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya ba, domin magani da gyaran ƙananan asibitoci da biya wa talaka kuɗin magani. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokan nan kuma ta hana ko wane asibiti ya ƙi duba mutumin da aka kawo cikin halin gaggawa. A farkon 2018 aka sa hannu a dokar da ta kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A watan Mayu na 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, watau yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa. A jiharmu kuma akwai hukumar taimakekeniyar lafiya da a ke kira KECHEMA.

Kun ga dokoki ba su yi kaɗan ba. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, talaka nawa a nan suka san da su? Dokar da ta ke cikin akwatin ofis a Abuja ko Birnin Kebbi, ba ta sauko Gulmare ko Dangoma ba, daidai ta ke da rijiyar da ba guga. Na biyu, dukansu maganar maras lafiya su ke yi. Ba wadda ta yanka wa mai jinya ko kwabo don aikinsa. An ga doki, ba a ga mai yankan ciyawa ba.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Kada wani ya ce muku abin ba ya yiwuwa. A Ingila tun 1976 gwamnati ta fara biyan mai jinya kuɗi ko wane mako. Da fari an hana matan aure, wai ai jinya aikinsu ne dama. Matan ba su yarda ba, aka kai ƙara har kotun Turai, a 1986 aka ba su. Yau wanda ya ke jinyar naƙasasshe awa 35 a mako yana iya neman wannan kuɗi in ya cika sharuɗɗa. Ku lura, ba kyauta aka yi musu ba, nema suka yi.

In kun ce Ingila ƙasar masu arziki ce, to, ga Afirka ta Kudu, inda a ke biyan uwa ko uban da ke riƙon yaro mai naƙasa mai tsanani. Ga Gana nan kusa, wadda tun 2008 ta fara ba gidajen matalauta masu riƙon marayu da tsofaffi da naƙasassu ɗan kuɗi. A cikin ƙasan nan ma, Jihar Jigawa ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, Jihar Ekiti kuma ta fara biyan tsofaffi naira 5,000 a wata a 2011. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 29 ga Oktoba ta ko wace shekara domin tunawa da masu kula da wasu. Duniya ta fara ganin mai jinya. Saura mu.

ABIN DA KE HANNUNMU

Amma ba za mu naɗe hannu mu jira gwamnati ba, gama mai jinyar da ke unguwarku ba za ta iya jiran kasafin baɗi ba. Ga abu biyar da za mu iya farawa tun daga yau, ba sai da izinin kowa ba.

Na ɗaya, a raba kwana. In mutum ya kwanta, dangi su zauna tun makon farko, maza da mata, a rubuta wa ke da wace rana. Kada a jira sai wadda ke ɗakin ta gaza. Wanda ke Legas ko Abuja ko Yamai, bai iya zuwa ba, a yanka masa abin da zai riƙa aikowa ko wane wata, kada a bar shi da “ya mai jiki” ta waya. Mai jinya ta sami aƙalla yini ɗaya a mako wanda ya ke nata, ta yi barci, ta je kasuwa, ta gai da 'yan'uwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, 'yan'uwana maza, da ku na ke. Wa ya ce jinya ta mata ce kaɗai? Ubanka ne ya kwanta, ka bar wa matarka ɗaga shi da wanke shi, kai kana dandali kana shan shayi. Shi kansa tsohon ya fi so ɗansa ya kama shi, don kunya. Namijin da ya wanke ubansa bai rage kome daga girmansa ba. Kuma kada a cire yarinya daga makaranta don jinya alhali ga manya a gida. Ciwon kaka na shekara biyu ne ko uku, jahilcin jika kuwa na tsawon rai ne.

Na uku, mu gyara dubiya. Yanzu mu kan tafi mu goma, mu cika ɗaki, mu zauna har azahar, mai jinya ta tashi ta nemo mana ruwa da abin taɓawa. Mun je rage nauyi, mun ƙara. In za ka dubiya, ka tafi da wani abu a hannu, ko sabulu, ko itace, ko kwanon tuwo. In ba ka da shi, ka tafi da ƙarfinka: ka ɗebo ruwa, ki kwashi wanki, ki ce, “Yaya, je ki kwanta, ni zan zauna da shi har la'asar.” Zumunta a ƙafa ta ke, amma ƙafar ta zo da hannu.

Na huɗu, mu komo da gayya. Kakanninmu in mutum ya kwanta da damina, samarin gari su kan fita su nome masa gona. Yau wannan ya fi wuya? Wanda jinya ta riƙe, a nome masa, a yi masa ban ruwa, a girbe masa. A kasuwa kuma, sarkin kasuwa da shugabannin 'yan albasa da 'yan hatsi da mahauta da 'yan tireda su tsai da magana ɗaya: wanda jinya ta zaunar, ba mai cin rumfarsa, maƙwabcinsa ya sayar masa da kaya ya kai masa kuɗinsa. Masu adashi su yarda, wadda jinya ta faɗo wa a ba ta kwasa ko ba layinta ba ne.

Na biyar, asusun jinya a ko wace ƙungiya. Ku yi lissafi: mutum ɗari, ko wanne naira 200 ran kasuwa, naira 20,000 ke nan a mako, a shekara ya haura miliyan ɗaya. Wannan ya isa kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Kalgo ko Sakkwato, da abincin mai jinya na 'yan kwanaki, ga gidaje da yawa. Amma a sa mutum uku a kan kuɗin, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a ko wane wata. Kuɗin da ba a rubuta ba shi ke raba zumunci. Iyayena mata, kada ku ce ba ku iya shiri ba. A ƙasan nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta shirya mata ƙauye ƙauye a ƙarƙashin jajis domin neman sani, ba mota, ba waya. Jikokinsu ba za su kāsa shirya kwanan jinya a unguwa ɗaya ba.

GARE KU MASU JINYA

Ku kuma da ke cikin aikin yanzu, ga 'yan kalmomi, irin waɗanda malaman asibiti su ke koyarwa.

Wanda bai iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kamar ko wace awa biyu, a tsare shimfiɗarsa a bushe, a duba ƙugu da duwawu da diddige. In an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu, gyambon kwanciya ne ke tafe, maganinsa kuwa ya fi rigakafinsa tsada nesa. Mai shanyewar jiki kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance, a zaunar da shi, a ba shi kaɗan kaɗan, don kada ya shaƙe abin ya faɗa huhu. In za a ɗaga babban mutum, a sa zane a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama, a durƙusa da gwiwa, kada a sunkuya da baya. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ƙazanta da kuma kafin a taɓa abinci. Maganin hawan jini da na ciwon suga da na farfaɗiya ba a barinsu don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Mai taɓin hankali kuwa ba mari ne maganinsa ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Mai yoyon fitsari ana yi mata aiki ta warke, akwai cibiyar wannan a Gesse cikin Birnin Kebbi. Yaron da ciwon noma ya ci wa fuska, akwai asibitinsa a Sakkwato tun 1999.

Sa'an nan ku kanku. Ku ci abinci, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Duk ran da kuka kai maras lafiya asibiti, ku miƙa naku hannun a auna jininku. In kun ga barci ya ƙaurace muku, ko kuka na zuwa ba dalili, ko kun fara jin rayuwa ta ishe ku, kada ku ɓoye, ku gaya wa wani, ku gaya wa malamin asibiti. Kuma ku koyi faɗin kalman nan, “Na gaji, ku kama mini.” Ba abin kunya ba ne. Kunya tana ga wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Daga ƙarshe ga abin da za mu nema daga hukuma, tun daga kansila da shugaban ƙaramar hukuma har 'yan majalisa da gwamna, ko wace jam'iyya ce ke kan kujera.

Muna neman a zo har kasuwa da ƙofar masallaci a rubuta tsofaffi da naƙasassu da matalauta cikin inshorar da doka ta tanadar musu, a kuma manna sunayen waɗanda aka rubuta a fili, don kada abin ya zama na 'yan'uwan manya. Muna neman ko wace mazaɓa cikin mazaɓu 225 na jihan nan ta sami asibiti ƙarami mai aiki, da magani, da ma'aikacin da zai riƙa zagawa gidajen da ke da na kwance, ya duba su, ya koya wa mai jinya aiki. Muna neman ko wane babban asibiti ya sami rumfar kwana da ruwa da makewayi domin masu jinya, gama mutumin da ke yi wa gwamnati aiki kyauta bai cancanci kwana a kan dandamali cikin sauro ba. Muna neman ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ya sami 'yan kwanakin hutun jinya ba tare da tsoron kora ba. Muna kuma neman majalisar jiha ta fara maganar ɗan abin da za a riƙa ba mai jinyar da ta daɗe, ko da kaɗan ne, a fara da gidajen da suka fi talauci.

In mai neman ƙuri'a ya zo muku da atamfa da sabulu da taliya, ku tambaye shi waɗannan biyar ɗaya bayan ɗaya. In ya yi alkawari, ku sa a rubuta, da rana da wata. Mu akawuna muna nan, alƙalami bai ƙare ba.

'Yan'uwana, ba wanda ya san ranar da zai kwanta. Wanda ke tsaye yau, gobe wani ne zai juya shi, wani ne zai ba shi ruwa a baki. Irin riƙon da muka yi wa masu jinya yau, shi za a yi wa masu jinyarmu gobe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sabo da haka kafin ku kwanta yau, kowa ya tuna gida ɗaya a unguwarsu inda a ke jinya, ya je. In ya gama tambayar mai jiki, ya juya ya tambayi mai jinya, sa'an nan ya tsaya ya ji amsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya ba mu ikon kama musu.